Iyaka: Daga Bakin Gona Zuwa Bakin Ƙasa

Duk wanda ya taɓa hawa mota daga Maraɗi zuwa Katsina ya san inda direba ke rage gudu, fasinjoji su fara laluben takardunsu. Bayan an wuce Ɗan Isa, kafin a kai Jibiya, akwai wurin da ake kira kan iyaka. Gonakin geron da ke kudu da wurin ba su da bambanci da na arewa, Hausar da ake yi ɗaya ce, sau da yawa ma dangi ɗaya ne ke noma nan da can. Amma a wannan gefe da sefa ake ciniki, jami'in duwan ake gaidawa, a wancan kuwa naira ce da kwastan. Kalmar da muke kiran wannan wuri da ita tsohuwa ce ƙwarai a bakin Bahaushe. Aikin da aka ɗora mata a nan shi ne bai daɗe ba, don shekararsa ɗari da ƴan kai ke nan. Wannan maƙala za ta bi sawun kalmar daga gona zuwa birni, daga birni zuwa daji, har zuwa layin da Turawa suka shata tsakanin Nijar da Najeriya.

Kalmar da danginta

Iyaka suna ne, jinsin mace, jam'inta iyakoki. Shi ya sa take ɗaukar -r idan aka jingina ta da wani suna: iyakar gona, iyakar ƙasa, iyakar ƙoƙari. Ma'anarta ita ce inda abu ya tsaya, ko a fili, ko a lokaci, ko a yawa. In aka ce jama'a sun taru ba iyaka, ana nufin sun fi gaban ƙirga. In aka ce wane ya wuce iyaka, to ya yi abin da hankali da al'ada ba su yarda da shi ba, wato ya wuce gona da iri. Mai ba da shaida kuma yakan rufe maganarsa da cewa iyakar abin da ya sani ke nan.

Akwai iyakaci, wanda shi namiji ne, kamar a iyakacin saninsa. Akwai kuma ƴar gajeriyar kalma iya, mai nuna matsayar abu: iya nan, ruwa ya kawo iya gwiwa. Ɗalibi ya kula kada ya haɗa wannan iya da aikatau na ya iya karatu, ko da iya da ake kiran uwa. Daga iyaka aka samu aikatau iyakance, sa'an nan ga maganganun da suka zama jiki: yi iyaka da, raba iyaka, shata iyaka, ƙetare iyaka, cin iyaka.

Kalmar tana da maƙwabta a ma'ana. Haddi daga Larabci ya zo, ya fi zama a bakin malamai da alƙalai. Shinge da danga da darni da katanga da garu da ganuwa duk sunaye ne na abin da ake kewaye wuri da shi, ko na ƙaya, ko na kara, ko na ƙasa. Aikatan da ke tafiya da su su ne kewaye da katange da killace. Bambancin da ya kamata a riƙe shi ne, waɗannan duka ana gina su ne, hannu yana taɓa su, iska da ruwa suna rushe su. Iyaka kuwa yarjejeniya ce tsakanin mutum biyu. Ana samun iyaka ba shinge, kuma in shinge ya faɗi iyaka tana nan. Shinge shaida ne kawai.

Iyakar gona

A gona ne kalmar ta fi kaifi. Manomi ya san iyakarsa taku da taku. Yakan bar tushen gamba a jere, ko ya dasa bini-da-zugu, ko ya ajiye duwatsu, ko ya kafa hujja da wata tsohuwar kuka ko gawo. Tsakanin gonaki akan bar burtali domin dabbobi su wuce, a gefen gari kuma akan ware hurumi wanda ba mai ikon nomawa. Idan rigima ta tashi, maigari yakan kira dattawan da suka ga lokacin da aka sari dajin ko aka raba gadon, a taka wurin da ƙafa, kowa ya nuna, a tsayar da magana a gaban jama'a. Cin iyaka babban abin kunya ne, malamai kuma suna yawan tunatarwa da hadisin da ya la'anci mai sauya alamomin ƙasa.

Abubuwa uku ke nan suka haɗu a iyakar gona: layi ne siriri sananne, maƙwabtan biyu sun yarda da shi, kuma akwai shaidu ƴan ƙasa. A riƙe waɗannan ukun, domin da su za mu auna abin da ya biyo baya.

Ganuwa da daji

Sarakunan ƙasar Hausa ba su auna mulkinsu yadda manomi ke auna gona ba. Abin da suka kewaye sosai shi ne birni, kuma asalin ma'anar birni ita ce gari mai ganuwa. Tarihin sarakunan Kano ya danganta soma ginin ganuwar Kano ga Sarki Gijimasu, sarakunan baya kuma suka yi ta faɗaɗa ta. A Zazzau har yau ana kiran tsofaffin ganuwoyi da sunan Sarauniya Amina. A Damagaram, Sarki Tanimun ne ya kewaye Zinder da babbar ganuwa a tsakiyar ƙarni na 19, shi ya sa tsohuwar unguwar fada take amsa sunan Birni, unguwar da ayarin Abzinawa ke sauka a waje kuma ake ce mata Zango. Ganuwa takan haɗa har da gonaki da kududdufai a cikinta, don in maƙiyi ya yi zobe kada yunwa da ƙishirwa su ci gari. Da dare akan rufe ƙofofi, kowace ƙofa da sarkinta.

A wajen ganuwa, ikon sarki da mutane ake lissafa shi. Ƙasarsa ta kai duk inda ake aiko masa da haraji da gaisuwa, ake amsa kiransa ranar yaƙi. Ikon yana da ƙarfi kusa da birni, yana raguwa da nisa, har ya ɓace a daji. Garin da ke gefe yana iya kai gaisuwa wuri biyu don neman zaman lafiya, yana kuma iya sauya ubangida in ƙarfi ya sauya hannu. Saboda haka iyakar sarauta fili ce mai faɗi, tafiyar yini ko kwana biyu, ba ta da tsayayyen wuri.

Jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda ya soma a 1804, ya sake tsara waɗannan filaye. Katsina ta faɗa hannun masu jihadi wajen 1807, Alƙalawa babban birnin Gobir kuma a 1808. Gidajen sarautar da aka kora suka yi arewa. Zuriyar sarakunan Katsina ta kafu a Maraɗi a ƙarƙashin Ɗan Kasawa wajen 1819. Bayan yaƙin Gawakuke na 1836, inda Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi nasara a kan taron Gobirawa da Katsinawan Maraɗi da Abzinawa, Gobirawa suka kafa Tsibiri kusa da Maraɗi. Tsohon gidan sarautar Daura ya watsu, rassansa suka zauna a Zango da Ɓaure. Can gabas kuma ga Damagaram, wadda ke bin Barno, tana ƙara ƙarfi. Har yau sarautar Maraɗi ta Katsina ce a suna, ta Tsibiri kuma ta Gobir.

Tsakanin waɗannan ƙasashe da daular Sakkwato hare-hare ba su yanke ba har ƙarshen ƙarnin. Muhammadu Bello ya kakkafa ribaɗi a gefen daula, shi kansa ya zauna a Wurno. Ƙauyukan da ke tsakani suka tashi, gonaki suka koma kurmi. Bajamushen nan Heinrich Barth, da ya bi ta Tasawa da Gazawa zuwa Katsina a farkon 1851, sai da ya ratsa dajin da matafiya ke tsoro, haka kuma ya ratsa dajin Gundumi a hanyarsa ta Sakkwato a 1853. Wannan daji shi ne iyaka a wancan zamani. Duk da haka fatake suna ratsa shi, malamai da almajirai suna ratsa shi, aure ma yana ratsa shi.

Layin takarda

Ranar 5 ga Agusta 1890 Ingila da Faransa suka amince da wani layi daga garin Say a bakin kogin Kwara zuwa Baruwa a bakin tafkin Cadi. Arewa da layin na Faransa, kudu na kamfanin Ingilishi mai ciniki a Kwara, da sharaɗin a karkata layin yadda duk abin da ke na daular Sakkwato zai faɗa kudu. A lokacin ba ɗayansu da ke da soja ko ɗaya a Sakkwato ko Kano ko Zinder. Firaministan Ingila, Lord Salisbury, da bakinsa ya yi raha a shekarar cewa sun yi ta raba wa juna duwatsu da koguna da tafkuna alhali ba su san takamaiman inda suke ba.

Faransawa suka tura Monteil, wanda ya bi ta Sakkwato da Kano da Kukawa tsakanin 1891 da 1892, ya dawo da labarin cewa ikon Sakkwato bai kai arewa yadda Ingilishi ke faɗa ba. Aka koma teburin ciniki. Yarjejeniyar Faris ta 14 ga Yuni 1898 ta zo da wani sabon salo: aka kafa tsinin alƙalami a birnin Sakkwato, aka zana baka mai nisan mil 100, wato kamar kilomita 160, daga nan layin ya bi ma'aunan taswira yana hawa yana sauka har Cadi. Da wannan zane Birnin Ƙonni da Tsibiri da Maraɗi duk suna ɓangaren Ingila ne, Tasawa da Zinder na Faransa.

Takarda ba ta san inda rijiya take ba. Hanyar da ta rage wa Faransawa daga Kwara zuwa Zinder ta bi ta ƙasa mai ƙarancin ruwa. Rundunar Voulet da Chanoine, wadda ta nufi Cadi a 1899, ba ta kula da bakan ba ma. Ta yi yaƙi da Sarauniya Mangu a Lugu, ta ƙone Birnin Ƙonni da garuruwa da dama, ta kashe bayin Allah masu yawa, kafin sojojinta su kashe shugabannin nata biyu a watan Yuli. Ragowar rundunar ce ta ci Zinder a ƙarshen watan, a zamanin Sarki Amadu Kuran Daga. Ingilishi kuwa ba su ci Kano ba sai Fabrairun 1903, Sakkwato kuma a watan Maris na shekarar. Wato an raba ƙasar sau biyu a takarda kafin a ci ta da yaƙi.

Gyaran da Faransa ke nema ya samu ranar 8 ga Afrilu 1904, cikin babban sulhun da ƙasashen biyu suka ƙulla. Faransa ta saki wani tsohon haƙƙi da take da shi na masunta a gaɓar tsibirin Newfoundland, a gabashin Kanada ta yau. A madadinsa Ingila ta ba ta tsibiran Los da ke gaban Konakiri, da wani yanki a gefen Gambiya, ta kuma yarda a janye iyakar nan kudu domin Faransa ta sami hanya mai ruwa. Ta haka Ƙonni da Tsibiri da Maraɗi suka koma hannun Faransa. Bamaraɗen da ya yi karatun boko da Faransanci, ɗan'uwansa na Jibiya ya yi da Ingilishi, in ya bi salsala zai tarar da kifin wani teku mai sanyi a cikin dalilan.

Yarjejeniyar 1904 ta kuma ce a lura da rabe-raben sarautun da aka tarar, yadda mutanen Tasawa da Maraɗi da Zinder za su zauna a ɓangaren Faransa gwargwadon iko. Aka ƙara tace layin a Landan ranar 29 ga Mayu 1906. Daga nan aka tura ayarin haɗin gwiwa, Kyaftin Jean Tilho a madadin Faransa, Manjo O'Shee a madadin Ingila, suka taka ƙasar daga Kwara zuwa Cadi tsakanin 1906 da 1908, suka kafa alamomi 148. Aka rattaba hannu a kan aikin nasu a watan Fabrairu 1910. Tafintan ayarin Faransa, Landeroin, ya yi ta tambayar sarakuna da dattawa tarihin garuruwansu, domin a san wa ke bin wa. Shi da Tilho suka wallafa littafin nahawun Hausa da tatsuniyoyi da kuma ƙamus a wajen 1909. Ɗalibin Hausa ya sani cewa wasu daga cikin tsofaffin littattafan da aka rubuta a kan harshensa, a hanyar shata iyaka aka tattara su.

Me Turawa suka raba?

Ana yawan cewa Turawa ne suka raba Hausawa gida biyu. Maganar tana da gaskiya, amma tana buƙatar gyara. A yankin Gobir da Katsina, layin 1906 ya bi kusa da tsagin da jihadi ya bari, tsakanin masu bin Sakkwato da waɗanda suka ƙi bin ta. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A wasu wuraren kuma layin ya yanka ƙasa ɗaya: Gobirawan Tsibiri suna Nijar, na Sabon Birni suna Najeriya, ƙasar Daura ma ta rabu, Zango da Ɓaure suka faɗa kudu, garuruwan ƴan'uwansu suka faɗa arewa. William Miles ya rubuta littafi a 1994 a kan ƙauyuka biyu na wannan yanki, Yardaje da Yekuwa, masu asali ɗaya da tuta biyu.

Babban abin da ya sauya shi ne irin iyakar. Turawa sun ɗauko siffar iyakar gona, layi siriri tsayayye mai alamomi, suka ɗora a kan ƙasashe. Amma daga sharuɗɗan nan uku, na farko kaɗai aka cika. Waɗanda suka yarda da layin suna Faris da Landan, masu gonakin kuwa an tambaye su tarihi ne, ba a nemi yardarsu ba. Dajin da ke tsakani, da yaƙi ya ƙare, mutane suka koma suka sare shi, har gonaki suka haɗe a kan layin. Iyakar da a da ake kwana biyu ana ratsawa ta zama abin da ake tsallakewa da taku ɗaya, amma takun nan yana sauya wa mutum mai mulki da haraji da kuɗi da doka.

Talakawa ba su daɗe ba suka gane amfanin haka. A zamanin mulkin mallaka mutane da yawa sun tsallaka kudu don gudun aikin tilas da ɗibar soja na Faransawa, aikin da ba a soke shi ba sai 1946. Gyaɗa da dabbobi da yadi sun yi ta bin inda farashi ya fi. Kalmomi irin su fasa-ƙwauri da fito suka sami sabon aiki. Harshen ma iyakar ta shige shi. A arewa ana cewa lakwal da mushe da lokotoro da jandarma, a kudu ana cewa firamare da ticha da likita da ɗan sanda. Jaka a Nijar sefa 1000 ce, a Najeriya naira 200. Har a rubutu, ƙa'idar Nijar tana amfani da harafin ƴ inda ta Najeriya ke sa 'y.

Bayan mulkin kai

Nijar ta sami mulkin kai ranar 3 ga Agusta 1960, Najeriya ranar 1 ga Oktoba. A taron Alƙahira na 1964 shugabannin Afirka suka yanke shawarar mutunta iyakokin da suka gada, don gudun yaƙe-yaƙe. Ana iya cewa a nan ne maƙwabtan biyu suka sa hannu a kan abin da aka shata ba da su ba. Ƙasashen biyu ba su taɓa yaƙi a kan wannan iyaka mai tsawon kusan kilomita 1,500 ba. Sun kafa hukumar haɗin gwiwa a 1971 mai mazauni a Yamai, yarjejeniyar CEDEAO ta 1979 kuma ta ba ƴan yankin damar shige da fice ba biza. Kasuwanni suka tashi bibbiyu suna kallon juna: Kamba da Gaya, Illela da Ƙonni, Jibiya da Ɗan Isa, Kwangwalam da Ɗan Barto.

Sai dai abin da ke da ƙofa yana rufuwa. Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Afrilun 1984 zuwa Maris na 1986, rufin ya zo daidai da fari mai tsanani, har mutanen wasu yankunan Nijar suka sa wa yunwar shekarar suna El-Buhari. An sake rufewa daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 a Yamai aka kuma rufewa, ba a buɗe ba sai Maris na 2024, Nijar kuma ta fice daga CEDEAO a Janairun 2025. A kowane karo, wanda ya fi ɗanɗana kuɗarsa shi ne mai buhun gero ɗaya, da mai kai mara lafiya asibitin da ya fi kusa, da mai zuwa biki ko ta'aziyya a ƙauyen da yake hangowa daga gonarsa. Bahaushe ya ce zumunta a ƙafa take, ƙafa kuwa hanya take bukata.

Kammalawa

Ɗalibin da ya ci karo da kalmar iyaka a tsohon rubutu ya tambayi kansa wace iyaka ake nufi. In maganar gona ce ko gado, layi ne da shaidu. In maganar sarauta ce kafin 1900, ya zana daji a zuciyarsa, da garuruwan gefe masu kai gaisuwa, kada ya zana layin taswirar makaranta. In kuwa jaridar yau ce, to ga shingen ƙarfe da tuta da hatimi. Mai fassara da ya gwama waɗannan ukun zai sa sarakunan da su faɗi abin da ba su taɓa tunani ba.

Dattawan ƙauye kuma suna da wata ƙa'ida da ta fi duk yarjejeniyoyin nan tsufa: ba a yin iyaka sai da maƙwabci, kuma duk inda aka raba gonaki akan bar burtali.